Shari'ar Bowe da siririyar hanyar da ta rage wa fursunan tarayya a Amurka

A safiyar Juma'a, 9 ga Janairun 2026, 'yan kasuwa da masu hada-hadar hannun jari a sassan duniya sun kasa kunne suna jiran Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana matsayinta a kan harajin da Shugaba Donald Trump ya ƙaƙaba wa kayayyakin da ake shigarwa ƙasar. Kotun ta zauna, ta fitar da hukunci guda ɗaya tak, sai dai na wani fursuna ne mai suna Michael Bowe, wanda ya shafe fiye da shekara 15 a kurkuku saboda yunƙurin yi wa motar ɗaukar kuɗi fashi a Jihar Florida. Kafafen labarai suka taɓa batun sama-sama, suka koma jiran abin da ya dame su.

Amma wannan hukunci da alƙalai biyar suka rinjayi huɗu a kansa ya shafi mutum sama da 150,000 da ke tsare a gidajen yarin Gwamnatin Tarayyar Amurka, kuma a cikinsu akwai 'yan Najeriya. Wasu daga cikin 'yan Najeriyar da kotunan tarayya suka ɗaure sunayensu sun karaɗe duniya. Umar Faruk Abdulmutallab na zaman ɗaurin rai da rai tun watan Fabrairun 2012. Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi, an ɗaure shi shekara 10 a Fabrairun 2021 a Jihar Virginia. Ramon Abbas, wato Hushpuppi, wata kotu a Los Angeles ta yanke masa wata 135 a Nuwamban 2022. Akwai kuma da yawa waɗanda babu jaridar da ta taɓa ambatar su. Iyalin da ke Kano ko Legas, idan aka ce musu ɗansu ya ɗaukaka ƙara, sukan ɗauka cewa za a sake shari'ar ne daga tushe, a sake kiran shaidu, a sake auna hujjoji. Abin da dokar Amurka ta tanada ya yi nisa da wannan zato, kuma rashin sanin hakan na iya cinye dukiya da shekaru a banza.

Wanda kotun tarayya ta yanke wa hukunci yana da hanya biyu, kuma ɗaya na bin bayan ɗaya. Ta farko ita ce ɗaukaka ƙara kai-tsaye, wadda dole a shigar da sanarwarta cikin kwana 14. A nan doka ta ba shi lauya, ko da a aljihun gwamnati ne, kuma alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara za su duba ko an tafka kuskure a zaman shari'ar. Wannan hanya Abdulmutallab ya bi, inda kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta shida ta tabbatar da hukuncinsa a Janairun 2014. Idan aka yi rashin nasara a nan, akwai kwana 90 na roƙon Kotun Ƙoli ta saurari batun, ita kuwa ba ta karɓar ko da kashi biyu cikin ɗari na roƙon da ke zuwa gabanta. Daga ranar da wannan mataki ya ƙare, doka ta ɗauki hukuncin a matsayin wanda ya tabbata.

Wani abin lura shi ne yawancin fursunonin tarayya ba su ma samun cikakkiyar damar bin hanyar farko. Kusan kashi 97 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a kotunan tarayya amsa laifinsu suke yi, yawancinsu bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara, kuma sau da yawa yarjejeniyar na ɗauke da sharaɗin cewa mutum ya yafe haƙƙinsa na ɗaukaka ƙara, wani lokaci har da na ƙalubalantar hukuncin daga baya. Duka 'yan Najeriya ukun da aka ambata amsa laifi suka yi.

Sashe na 2255

Hanya ta biyu ita ake kira da lambar sashen dokar da ya kafa ta, wato Sashe na 2255 a kundi na 28 na dokokin tarayya. Asalinta tsohon haƙƙin nan ne da Turawa suka gada daga Ingila, wanda lauyoyi ke kira habeas corpus da Latin, ma'ana a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali a bayyana dalilin tsare shi. Kafin 1948, fursuna kan shigar da irin wannan ƙara ne a kotun yankin da kurkukunsa yake. Sakamakon haka, alƙalan da ke maƙwabtaka da manyan gidajen yari irin su Alcatraz da Leavenworth da Atlanta suka nutse cikin ƙararraki, alhali takardun shari'ar da shaidunta suna can wata jiha mai nisan dubban kilomita. Majalisar Dokoki ta warware matsalar a 1948 da cewa kowa ya koma kotun da ta yanke masa hukunci.

Wannan gyara na da ma'ana ta fuskar aiki, amma ya haifar da abin da duk mai hankali zai yi wa kallo biyu: ƙorafin na komawa ne teburin alƙalin da ya yanke hukuncin, matuƙar yana nan a kan kujerarsa. Shi ake roƙo ya yarda cewa shari'ar da ya jagoranta ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Masu kare tsarin na cewa babu wanda ya fi shi sanin abin da ya wakana. Gaskiya ne. Sai dai kuma ɗan Adam bai cika son warware ɗinkin da ya yi da hannunsa ba.

Dalilan da sashen ya amince da su ƙalilan ne: cewa hukuncin ya saɓa wa kundin tsarin mulki ko dokokin tarayya, ko kotun ba ta da hurumi, ko ɗaurin ya zarce iyakar da doka ta gindaya, ko wani babban aibi makamancin waɗannan. Duk batun da ya kamata a tayar a ɗaukaka ƙarar farko aka yi shiru a kansa, a ƙa'ida ya wuce ke nan, sai fa idan an nuna ƙwaƙƙwaran dalilin yin shirun da kuma cutarwar da ta biyo baya. Saboda haka mafi yawan ƙorafe-ƙorafen kan taru a wuri guda, wato zargin cewa lauya bai yi aikinsa ba, domin shi ne batun da Kotun Ƙoli ta ce a 2003 ana iya ajiye shi har zuwa wannan mataki. Ma'aunin da ake bi tun shari'ar Strickland ta 1984 ƙafa biyu gare shi. Sai fursuna ya nuna cewa aikin lauyan ya gaza abin da ake tsammani daga ƙwararre, sannan ya nuna cewa da ba don gazawar ba, akwai kyakkyawan zaton sakamakon zai bambanta. Ƙafa ta biyun ce ke kayar da mafi yawa.

Duk wannan kuwa fursuna zai yi shi ne ba tare da tabbacin samun lauya ba. Tun 1987 Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin samun lauya kyauta ya tsaya ne a ɗaukaka ƙarar farko. Alƙali na iya naɗa masa idan ya ga dacewar hakan, kuma wajibi ne ya naɗa idan za a yi zaman sauraren shaidu, amma irin wannan zama ba kasafai ake yin sa ba. Mutumin da wataƙila bai gama sakandare ba, ko Turanci ba harshensa na farko ba ne, shi zai zauna a ɗakin karatun kurkuku ya tsara hujjar da za ta kara da lauyoyin Ma'aikatar Shari'a.

A kan wannan aka ƙara wa'adi. Bayan harin bom da aka kai ginin gwamnati a birnin Oklahoma ranar 19 ga Afrilun 1995, wanda ya hallaka mutum 168, Majalisa ta zartar da dokar yaƙi da ta'addanci da gaggauta hukuncin kisa, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu ranar 24 ga Afrilun 1996. An tallata dokar da sunan hana masu jiran kisa jan shari'a shekara da shekaru, amma tanade-tanadenta sun hau kan kowane fursuna, daga mai fataucin ƙwaya har zuwa ɗan damfarar intanet. Ita ta kawo wa'adin shekara ɗaya, wanda galibi ke fara ƙirguwa daga ranar da hukunci ya tabbata. Ita ta kawo takardar izinin ɗaukaka ƙara. Ita ce kuma ta kusa toshe ƙofar shigar da ƙorafi karo na biyu.

Idan alƙali ya ce a'a

A nan ne ainihin sarƙaƙiyar take. A shari'ar yau da kullum, wanda aka kayar yana da haƙƙin wucewa gaba. A ƙarƙashin Sashe na 2255 babu wannan haƙƙi sai da izini.

Matakin farko dai shi ne sanarwar ɗaukaka ƙara, cikin kwana 60 daga ranar da aka rubuta hukuncin, domin ana bin ƙa'idar shari'ar da ba ta laifi ba wadda gwamnati ke ciki. Kotu na iya ƙara lokaci kaɗan idan an roƙa da hujja, amma iyakar da dokar Majalisa ta shata ba ta lanƙwasuwa. Shari'ar Keith Bowles ta 2007 ta isa misali, ko da yake shi fursunan Jihar Ohio ne. Alƙali ya sake buɗe masa damar ɗaukaka ƙara, ya rubuta masa ranar ƙarshe da ta kama kwana 17, alhali doka kwana 14 ta yarda. Bowles ya shigar da takardarsa a rana ta 16, cikin wa'adin da alƙali ya ba shi da kansa. Kotun Ƙoli, da rinjayen biyar da huɗu, ta ce ya makara, kuma babu kotun da ke da ikon yi masa uzuri. Kuskuren na alƙali ne, asarar ta fursuna. Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali, to ga inda maganar ta zauna daram. Sassauci ɗaya da fursuna ke da shi, tun 1988, shi ne ana lissafin ranar da ya miƙa takardar ga jami'an kurkuku domin aikawa, ko da ta yi mako guda a hanya.

Sai batun takardar izini. Wanda zai fara cewa a bayar ko a hana shi ne dai alƙalin da ya kori ƙorafin, kuma ƙa'ida ta wajabta masa ya faɗi matsayinsa a daidai lokacin da yake korar. Idan ya hana, fursuna ba zai ɗaukaka ƙara a kan hanin ba, sai dai ya sake roƙon izinin daga kotun ɗaukaka ƙara. Wasu kan ɓata makonni suna roƙon alƙalin farko ya sake tunani a kan izinin, ba su san cewa wannan roƙo bai tsayar da agogon kwana 60 ba. Akwai kuma kuɗin ɗaukaka ƙara Dala 605, sai dai wanda ya nuna ba shi da hali ana iya ɗauke masa.

Sharaɗin samun izinin shi ne fursuna ya nuna alama mai ƙarfi cewa an tauye masa wani haƙƙi na kundin tsarin mulki. A shari'ar Slack ta shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta fassara wannan da cewa ya isa a nuna alƙalai masu hankali za su iya saɓani a kan batun, ba sai an nuna za a yi nasara ba. Idan kuwa an kori ƙorafin ne saboda ƙa'ida, kamar makara, to aikin ya ninku: sai an nuna ana iya saɓani a kan ƙa'idar, a kuma nuna ana iya saɓani a kan ainihin koken. A takarda ma'aunin mai sauƙi ne. A aikace kotunan ɗaukaka ƙara na hana mafi yawan roƙon, sau da dama da gajeren umarni na 'yan layuka. Kotun Ƙoli ta ja kunnen kotun shiyya ta biyar a kan haka a 2003, ta kuma sake a 2017 a shari'ar Duane Buck, baƙar fata da aka yanke wa kisa a Texas bayan lauyansa da kansa ya kira wani masanin halayyar ɗan Adam da ya shaida cewa launin fatarsa na ƙara yiwuwar ya sake aikata ta'asa. Ko a wannan ma an hana izini, sai da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta cewa kotun ta tsallake matakin tantancewa ta yanke shari'ar gaba ɗaya ba tare da ta saurare ta ba.

Abu biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na ɗaya, kalmar kundin tsarin mulki da ke cikin sharaɗin na nufin cewa fursunan da kokensa ya tsaya a kan karya wata dokar Majalisa kaɗai yana iya shigar da ƙorafi a kotun farko, amma idan aka kore shi babu izinin wucewa gaba. Na biyu, gwamnati ba ta buƙatar wannan takarda. Idan fursuna ya yi nasara, lauyoyin gwamnati za su ɗaukaka ƙara kai-tsaye. Ƙofar a buɗe take ta ɓangare guda.

Duk da haka hanin izini ba koyaushe ne ƙarshen magana ba, domin tun 1998 Kotun Ƙoli ta ce tana da hurumin duba shi. Gregory Welch ya amsa laifin mallakar bindiga bayan yana da tsofaffin laifuka, aka ɗaure shi shekara 15 bisa wata doka da ke tsananta hukunci ga mai laifukan ta'asa uku a baya, alhali da babu ita iyakar ɗaurinsa shekara 10 ne. Kotun farko ta kori ƙorafinsa. Ya roƙi kotun shiyya ta 11 ta ɗan dakata, domin Kotun Ƙoli na gab da yanke hukunci a kan wani yanki na wannan doka, amma ta hana shi izini a farkon Yunin 2015. Ƙasa da mako uku bayan haka, ranar 26 ga Yuni, Kotun Ƙoli ta soke wancan yanki a shari'ar Johnson, ta ce lafazinsa ya yi duhun da mutum ba zai san abin da aka haramta ba. Welch ya rubuta roƙonsa zuwa Kotun Ƙoli da kansa, ba lauya. A Afrilun 2016 kotun ta ce hukuncin Johnson ya shafi har waɗanda shari'arsu ta riga ta rufe, lamarin da ya sa dubban fursunoni suka yi rige-rigen shigar da ƙorafi kafin wa'adin shekara ɗaya ya cika a Yunin wannan shekara. Shi kansa Welch kotun ba ta sake shi ba, mayar da batunsa ƙasa ta yi. A 2019 kuma ta yanke a wata shari'ar cewa fashi a dokar Florida, irin laifin da ake jayayya a kansa a tarihin Welch, yana shiga ƙarƙashin wani yankin dokar da ba a soke ba.

Ga baƙon da ba ɗan ƙasa ba, shari'ar da ta fi kusa da gida ita ce ta Jae Lee. Iyayensa sun kawo shi Amurka daga Koriya ta Kudu a 1982 yana da shekara 13, ya girma ya buɗe gidajen abinci biyu a yankin Memphis, yana da takardar zama ta dindindin amma bai karɓi ta zama ɗan ƙasa ba. Da aka kama shi da ƙwayoyi, ya yi ta tambayar lauyansa ko amsa laifi zai sa a kore shi daga ƙasar, lauyan ya ce masa a'a. Ya amsa, aka ba shi shekara ɗaya da kwana ɗaya, sannan ya gano cewa korar tasa wajibi ce a doka. Ya shigar da ƙorafi a ƙarƙashin Sashe na 2255. Lauyan ya yarda ya yi kuskure, amma kotun farko da ta ɗaukaka ƙara duk suka ce babu cutarwa, tunda hujjojin gwamnati sun yi ƙarfin da ko an yi shari'a za a same shi da laifi. A Yunin 2017 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin da rinjayen shida da biyu. Hujjarta ita ce mutumin da kora ta fi masa ɗauri ciwo yana iya zaɓar ya gwada sa'arsa a gaban kotu komai ƙanƙantarta, kuma wannan zaɓin aka ƙwace masa. Abin da ya sa batun ya shafi 'yan Najeriya shi ne dokar shige da fice ta Amurka ta sanya damfarar da asararta ta haura Dala 10,000 cikin manyan laifukan da ke jawo kora, haka ma halatta kuɗin haram da ya haura wannan adadi. Wanda ya amsa irin wannan laifi bisa gurguwar shawara yana da kafa, amma cikin shekara ɗaya.

Karo na biyu

Dokar 1996 ta ɗauki ƙorafin farko a matsayin harsashi ɗaya tilo. Mai son shigar da na biyu sai ya fara samun amincewar alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, kuma dalili biyu kawai aka yarda da su: sabuwar hujja mai ƙarfin da za ta nuna a fili cewa babu mai hankalin da zai same shi da laifi, ko sabuwar ƙa'ida ta kundin tsarin mulki wadda Kotun Ƙoli ta ce ta shafi tsofaffin shari'u. A Yunin 2025, a shari'ar wani fursunan Texas mai suna Danny Rivers, kotun baki ɗaya ta ƙara da cewa da zarar kotun farko ta yanke hukunci a kan ƙorafin farko, duk sabon da aka kawo na biyu ne, ko da ana tsakiyar ɗaukaka ƙarar na farkon.

Akwai giɓi a cikin dalilan nan biyu, kuma Marcus Jones ne ya faɗa cikinsa. An same shi da laifin mallakar bindiga a Missouri a shekarar 2000, aka ɗaure shi wata 327, ya kuma yi amfani da damarsa ta Sashe na 2255 tun da wuri. A 2019 Kotun Ƙoli ta fassara dokar da aka ɗaure shi da ita, ta ce wajibi ne gwamnati ta tabbatar cewa wanda ake tuhuma ya san yana cikin rukunin da aka haramta wa riƙe bindiga, abin da ba a nemi a tabbatar ba a shari'arsa. Wannan fassarar doka ce, ba sabuwar ƙa'idar kundin tsarin mulki ba, saboda haka ba ta shiga ɗayan dalilan biyu. Jones ya nemi bi ta wata tsohuwar kafa da Majalisa ta bari tun 1948 domin lokacin da sashen ya gaza, kafar da yawancin kotunan ɗaukaka ƙara suka daɗe suna bari a bi. Gwamnati ma ba ta kare hujjar kotun ƙasa ba, sai da aka naɗa lauya daga waje ta yi wannan aiki. Ranar 22 ga Yunin 2023, alƙalai shida suka rinjayi uku, Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa Majalisa ta zaɓi shari'a ta zo ƙarshe a kan a yi ta gyaran kuskure, kuma ba aikin kotu ba ne ta ƙara dalili na uku. Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta yi doguwar adawa. Ko Jones na da gaskiya ko ba shi da ita, kuma tarihinsa na laifuka na sa a yi shakka, ƙa'idar da aka kafa ta wuce kansa: mutum na iya ci gaba da zama a kurkuku a kan abin da Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta haramta ba, don kawai ya yi saurin amfani da damarsa kafin kotun ta yi magana.

A cikin wannan yanayi ne shari'ar Bowe ta zo. Ya amsa laifi uku a kan fashin 2008: haɗa baki, da yunƙurin fashi, da amfani da bindiga yayin aikata laifin ta'asa. An ba shi shekara 24, goma daga ciki na laifin bindigar ne, kuma doka ta ce a ɗora su a kan sauran. Sai ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin laifi na ukun. A 2019, a shari'ar Davis, Kotun Ƙoli ta soke rabin ma'anar laifin ta'asa da ke cikin dokar saboda duhun lafazi. Bowe ya nemi izinin ƙorafi na biyu, kotun shiyya ta 11 ta ce yunƙurin fashi na nan a ƙarƙashin ɗaya rabin. A 2022, a shari'ar Taylor, Kotun Ƙoli ta ce yunƙurin fashi bai shiga wannan rabin ba. Bowe ya koma, sai aka ce masa ai ya taɓa kawo wannan koke, kuma doka ta hana maimaitawa. Da farko an ce ya yi gaggawa, daga baya an ce ya maimaita.

Tambaya biyu Kotun Ƙoli ta amsa, ta bakin Mai Shari'a Sonia Sotomayor. Ta ce tanadin da ya hana a kai mata ƙara a kan hanin izinin ƙorafi na biyu bai hau kan fursunonin tarayya ba, don haka tana da hurumi. Ta kuma ce haramcin maimaita tsohon koke an rubuta shi ne domin fursunonin jihohi, batun da gwamnati da kanta ta yarda da Bowe a kansa. Roberts da Brett Kavanaugh suka haɗu da alƙalai ukun da ake kira masu sassaucin ra'ayi, Neil Gorsuch ya jagoranci masu adawa. Kafin wannan rana, amsar tambaya ta biyu ta danganta ne da shiyyar da aka yanke wa mutum hukunci, domin kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu a kanta.

Bai kamata a kambama nasarar ba. Wa'adin shekara ɗaya na nan, takardar izini na nan, hukuncin Jones na nan, kuma dalilan nan biyu ba su ƙaru ba. Mai kwatanta wannan da Najeriya zai ga bambanci ta wata fuska: a Najeriya wanda aka yanke wa hukuncin laifi yana da kwana 90 zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, da kwana 30 daga can zuwa Kotun Ƙoli, kuma kotunan na da ikon ƙara lokaci idan an kawo dalili mai gamsarwa, har bayan shekaru. Ciwon Najeriya jinkiri ne da cunkoson masu jiran shari'a. Na Amurka kuwa agogo ne da ba ya jin roƙo. Abin da ya rage a wajen kotu a ƙasashen biyu shi ne afuwar shugaban ƙasa, ita kuma ba ta bin ƙa'idar wanda ya fi hujja.

Shi Bowe, kotun ba ta rage masa ko kwana ɗaya ba. An mayar da batunsa ga kotun shiyya ta 11 da ke Atlanta, domin alƙalai uku su duba ko ya cika sharaɗin sabuwar ƙa'idar kundin tsarin mulki. A nan ma akwai ƙaya, domin hukuncin Davis na kundin tsarin mulki ne, na Taylor kuwa fassarar doka ce, kuma kokensa na buƙatar su biyun a haɗe kafin ya tsaya. Idan ya tsallake wannan, zai koma kotun da ta ɗaure shi a Florida ya fara daga farko. Idan aka kore shi a can, sai ya nemi takardar izini. A lokacin da aka yanke hukuncin a 2026, shekara 14 na laifukansa biyu na farko sun riga sun wuce, zaman da yake yi na shekara goman da ake jayayya a kansu ne.